Garambawul ɗin Tsohuwar Jif a Bahindi

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo, ya san yadda kogin Kwara ya ratsa ta, ya kuma san fadamun da ke kwance a gefensa da jigayin da ke bayansu har zuwa iyakar Jamhuriyar Benin, ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa mutanen wannan yanki ba su saba ɗaukar abin hawa a matsayin kayan ado ba, domin tun zamanin da fatake ke tasowa daga Jega su ƙetare ruwa a Illo, su bi ta Kandi da Jugu su nufi Gwanja neman goro, abin da ake tambaya game da jaki ko takarkari shi ne ko zai kai, in ya kai kuma ko zai komo. Tambayar tana nan har yau, abin da ake yi wa ita ne kawai ya sake. Mutumin Bahindi da zai kai majinyaci asibiti a Birnin Kebbi cikin tsakiyar damina, ko ya kai taki gonar shinkafa a fadama, ko ya halarci ɗaurin aure a Lolo ko Ka'oje ko Tsamiya, bukatarsa mota ce mai tsawon ƙafa, wadda tayoyinta huɗu ke ja, yashi ba ya riƙe ta, taɓo kuma ba ya kafe ta. Saboda haka ne tsofaffin jif, waɗanda a wasu ƙasashe tuni an kai su maƙabartar ƙarafa, suke da wata daraja a wurinmu wadda shekarunsu ba su rage ta ba.

Dattawanmu suna ba da labari cewa ƙaramar motar da idonsu ya fara sabawa da ita a wannan lungu ita ce Land Rover, wadda aka soma ƙerawa a Ingila a 1948. Ita ce ke kawo Di'o rangadi, ita ke kawo ma'aikatan En'e ta Gwandu, ita ke ɗauko likitan dabbobi idan lokacin yi wa shanu huji ya yi. Injinta kuwa babu abin da ya ɓoye wa mai ido: ga kafireta mai gauraya fetur da iska, ga kwail, ga kwantak mai buɗewa da rufewa yana ba fulogi wuta, kuma mutum da 'yan sufanu da sukudireba da guntun samfefa yana iya tayar da ita a tsakiyar daji in ta mutu masa. Bayan an koma tuƙi a hannun dama a 1972, arzikin man fetur kuma ya buɗe, kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai Fijo 504 da a-kori-kura 404 suka cika hanyoyin lardin Sakkwato. A wancan zamani kayan gyara iri ɗaya ne, sunan da ke jikin kwali shi ne gaskiyar abin da ke ciki, makanike kuma bai san wata fargaba ba game da abin da ya sayo, iyakar damuwarsa ita ce ya ɗaura shi daidai.

Al'amarin ya juya ne daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. Ido ya koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda ake sauke motocin da mutanen Turai da Amurka suka gama yayinsu, mu kuma muka sa musu suna 'yan Kwatano ko Beljiyam. Daga can ake koro su arewa ta Parakou da Kandi, wasu su ɓullo ta Segbana su faɗo Tsamiya, wasu su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya su shigo ta Kamba, ta yadda mu da muke bakin iyaka mukan riga mutanen Kano da Zariya ganin abin da ake yayi. A cikin wannan ambaliya ne jif ɗin Japan suka iso mana, Land Cruiser da Pathfinder da 4Runner, da kuma Pajero ta kamfanin Mitsubishi, wadda ta fito a 1982 ta kuma yi suna bayan ta ci tseren Paris zuwa Dakar a 1985, tseren da a shekarunsa na farko yakan ratsa hamadar Nijar ta Agadas. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, 'yan kwangila da shugabannin ƙananan hukumomi da manyan manoma suka yawaita, kowa kuma jif yake nema. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 kaɗai an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Wanda ya zauna a bakin hanyar Tsamiya a shekarun baya ya ga nasa rabon na wannan adadi yana wucewa da idonsa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci tana gidanmu, Pajero ce ta yayana, ƙirar da aka soma a 1991, mai injin fetur na silinda shida da lita uku. Ta yi wa gidan hidima iyakar hidima, ta kai amare, ta kai majinyata, ta ɗauko buhunan shinkafa daga inda babbar mota ba ta isa, har ta kai lokacin da alamun gajiya suka taru mata: ba ta tashi da safe sai an sha wuya, tana rawa idan tana silo, tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi bayan ta ɗan tsaya, shan manta ya ƙaru, ƙarfinta kuma ya ragu a kan yashi. Juyen baƙin mai da sauya filta, wanda shi ne sabis na yau da kullum, ya daina wadatar da ita. Yaya ya yanke shawarar a yi mata garambawul kafin saukar damina, aka kuwa kai ta wurin wani dattijon makanike wanda ya koyi sana'a a Sakkwato tun zamanin Land Rover da Fijo, yana da rumfarsa a ƙarƙashin dogon-yaro da 'yan yara masu koyo. Na zauna na kalli aikin tun daga farkonsa, kuma abin da na gani a wurin shi ne ya sa ni wannan waiwaye.

Bai fara da sufana ba. Ya sa aka tayar da motar, ya bar ta ta yi zafi, ya zagaya bayanta ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina, sa'an nan ya komo ya ɗauki doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a kan murfin injin ya kara ƙotarta a kunnensa, yana matsar da ita daga wuri zuwa wuri cikin natsuwa. Da ya gama sai ya miƙa wa babban yaronsa, ya ce, “Mi kaj ji?” Yaron ya saurara ya ce, “Baba, ƙwas-ƙwas nika ji daga sama.” Ya ce, “Wane gefe, kuma yana bin totur ko ba ya bi? Sake saurare, ɗana, babu mai korar ka.” Sai da yaron ya bambance ƙarar da ke fitowa daga wajen bawul da wata 'yar gurnani da ke fitowa daga famfon ruwa, sa'an nan dattijon ya yarda aka kashe injin. Wannan tsari na bincike kafin hukunci, wanda malamanmu na fiƙihu suke horon almajiri da shi kafin su bar shi ya buɗe baki a kan mas'ala, shi ne asasin wannan sana'a, shi ne kuma abin da na ga yana ƙaranci a garejin zamani, inda sau da yawa akan fara kwance kaya kafin a san ciwon.

Daga nan aka kwance fulogi shida, bai kuwa yarda a zube su wuri ɗaya ba, sai da aka jera su a kan kwali bisa tsarin silindar da kowanne ya fito. Ya ɗauki kowanne ya juya shi a hasken rana yana yi wa yaran bayani. Wanda bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, a bushe, silindarsa lafiya lau take. Wanda ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi masa yawa ko iska ta yi masa kaɗan. Biyu kuwa sun fito a jiƙe da baƙin mai, wanda ke nuna mai yana zurarowa inda wuta ke ci, ko dai ta ringin fistan ko ta robobin da ke wuyan bawul. A nan ne ilimin mutumin ya ceci aljihun yaya, domin da ringi ne da sai an sauke injin gaba ɗaya, amma da ya gwada matsin kowace silinda da ma'auni ya tarar duk sun yi kusa da juna, ya kuma haɗa wannan da cewa hayaƙin yana fitowa ne bayan motar ta jima tana silo, sai ya hukunta cewa robobin bawul ne suka bushe suka ƙandare saboda shekaru da zafi, ciwon da aka san wannan injin da shi. Ya dubi yaya ya ce, “Alhaji, injinka bai mutu ba. Wanda duk ya ce ka sai wani, kuɗinka yaka so.” Aka sauya robobin, aka sa sababbin fulogi bayan ya daidaita tazarar bakinsu ta zama milimita ɗaya da ɗan ɗigo, aka sauya wayoyinsu da murfin da ke rarraba musu wuta, wanda ya riga ya tsage, tsagar kuma ita ce ke ɗaukar raɓa ta hana motar tashi da safe.

Filtar iska ta fito cunkushe da ƙurar hunturu, ta fetur kuwa da aka juye ta sai ga jan ruwa da tsatsa da yashi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake shan mai a bakin iyaka, inda sau da yawa abin da mota ke sha daga jarka da galan yake fitowa a hannun 'yan bumburutu, ta cikin mazurari da tsumma. Ko man gidan mai ma ba kullum yake da tabbas ba, kowa yana tune da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, wanda ya lalata motoci a manyan birane. Tsohuwar kafireta tana haƙuri da datti, in ta toshe a kwance ta a hure a mayar, amma wannan injin da nozul yake fesa mai ta ƙofofin da suka fi bakin allura ƙanƙanta, ba ya yafe irin wannan. Dole aka sauke tanki aka wanke, aka wanke nozul ɗin shida, aka goge maƙogwaron totur da ya yi kauri da baƙin datti.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na bel ɗin taimin, wanda ke haɗa juyawar ƙasan injin da ta samansa domin kowane bawul ya buɗe a daidai lokacinsa. Ƙa'idarsa a sauya shi bayan tafiyar kimanin kilomita 100,000, amma wa ya san tafiyar da motar Kwatano ta yi, alhali agogonta ya daɗe da tsayawa, wanda ya tuƙa ta a Turai kuma bai aiko mana da littafinta ba? Da aka buɗe sai ga shi duk ya tsattsage ta baya. Bel irin wannan ba ya sallama kafin ya tsinke, a wasu injuna ma in ya tsinke sai fistan ya daki bawul a yi babbar hasara. Dattijon ya juya injin da hannu har alamomin da maƙera suka zana a kan kowace ƙafa suka yi daidai da na jikin injin, ya ƙara musu ɗigon farin fenti don yaran su gani, ya sauya famfon ruwa da boris ɗin da ke ɗaure bel ɗin tun da an riga an buɗe wurin, ya ɗaura sabo, sa'an nan ya sake juya injin zagaye biyu ya duba alamomin kafin ya rufe. Ban ga ya yi gaggawa ko sau ɗaya ba a wannan mataki, ko da la'asar ta kawo jiki ya gwammace a rufe injin da buhu a je masallaci a komo.

Wuri ɗaya ne aka yi jayayya, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuskure ne da ya game ƙasar nan. A bakin tiyon da ke kai ruwa lagireto akwai wani ɗan ƙarfe mai suna tamostat, wanda ke tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin digiri 80 da 'yan kai, sa'an nan ya buɗe masa hanya. Al'adar mafi yawan makanikanmu ita ce su cire shi su yar da zarar mota ta iso, suna cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Na wannan mota ma an cire shi tun tuni, yaya kuma yana kan wannan ra'ayi, ya ce, “Baba, da zafin Bagudo mi za mu yi da shi?” Dattijon ya amsa masa cewa shi ma ya yi shekaru yana cire shi a zamanin kafireta, amma injin da kwamfuta ke ba shi mai yana auna zafin ruwa ne kafin ya yanke yawan fetur ɗin da zai fesa, idan kuwa ruwan bai taɓa kai zafin da aka ƙaddara masa ba, sai ya yi ta ƙara mai yana zaton har yanzu safiya ce, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Maganin zafi, in ji shi, shi ne a wanke lagireto, a duba fanka, a daina ɗura ruwan rijiya mai kanwa da laka. Na yi murna da na ga mutum mai furfura ya bar abin da ya saba saboda hujja ta bayyana masa, wannan ita ce ɗabi'ar ma'abota ilimi na gaskiya a kowane fanni. An mayar da tamostat, kuma shan man motar ya ragu ƙwarai.

Ƙarƙashin motar bai ɗauki dogon bayani ba, sai abu ɗaya. Da aka kwance notin gatarin baya, man giyar da ya kamata ya fito da kauri da duhu sai ya zubo fari-fari kamar nonon da aka dama da ruwa, shaidar cewa ruwa ya shige shi tun lokacin ambaliyar da motar ta yi ta ratsawa, ya zauna a ciki yana cin haƙoran ƙarfe a ɓoye. Aka juye shi, da na gatarin gaba, da na akwatin giya, aka ɗura giris a gaɓoɓin farfela, aka sauya man birki da shakazoba biyu.

Bayan duk wannan an tayar da motar, ta yi kyau, amma lokaci-lokaci sai ta ɗauke wuta haka kawai, a nan ne kuma na ga iyakar zamani ɗaya da mafarin wani. Dattijon ya bi wayoyi iyakar saninsa, sa'an nan ya faɗa a fili cewa abin da ya rage yana cikin akwatin kwamfuta, shi kuwa ba fanninsa ba ne. Aka kira wani saurayi mai aikin waya wanda ya yi makarantar koyon sana'a, ya kuma taɓa zama a shagon mai gyaran rediyo. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗa iri ɗaya wadda ake soka wa na'ura ta faɗi laifin da ke jikinsu, amma wannan ta riga wancan tsari, sai ya jona mita mai allura, ya ƙidaya kaɗawar allurar ya fassara ta. Da ya buɗe akwatin sai ga wasu 'yan kondensa guda-guda sun tsufa sun zubar da ruwansu a kan allon, ciwon da aka san kwamfutocin Mitsubishi na farkon shekarun 1990 da shi. Mafi yawan masu gyara da sun ce a sayo wani akwatin na Beljiyam da kuɗi masu yawa, wanda shi ma shekarunsa ɗaya da wannan kuma ciwon yana jiran sa, amma yaron ya goge allon, ya cire matattun ya like sababbi da dalma, kuɗin kayan bai kai na cin abincin rana ba. Dattijon yana tsaye a kansa yana kallo har ya gama, ya ce, “Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ka riƙa zowa kana nuna ma yaran nan.” Babu ɗayansu da zai iya gama wannan mota shi kaɗai, kuma abin da ke damuna shi ne irin dattijon suna ƙarewa, irin saurayin kuma ba su da yawa.

Wahalar da ta fi ta aikin kanta ita ce ta samun kayan kirki. A yau idan ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi, za a tambaye ka wanne kake so, na asali, ko na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, ko sabo mai araha, kuma sau da yawa na ukun yana zuwa ne cikin kwalin na farkon, da tambari da komai. Bel ɗin jabu da fulogin jabu da baƙin man da aka sake ɗurawa a galan mai suna sun kashe injuna fiye da yadda tsufa ya kashe. Na ga dattijon ya mayar da bel ɗin farko da aka kawo bayan ya lanƙwasa shi ya duba haƙoransa, ya ce ba zai ɗaura abin da zai tsinke wa mutum a daji ba. Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Algus haramun ne a ciniki, ɓoye aibin kaya ma haka, mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, kamar yadda almajiri ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid, masu sana'a suna lamunin kayan mutane da aka bar musu a hannu, domin maslahar jama'a. Makaniken da ya karɓi kuɗin na asali ya ɗaura jabu, ko ya fasa tukunyar salansa ya kwashe abin da ke tace hayaƙi ya sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, ya ci amana, ko da mai motar bai taɓa ganewa ba. Mai motar da ya matsa wa makanike lamba a kan sai mai araha, shi ma yana da nasa kason a abin da zai biyo baya.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da sauya mota ya zama abu mai wuya. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin, a watan Nuwamba na shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da garuruwanmu na bakin iyaka suka ɗanɗana kuɗarsa fiye da kowa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024, dala ita ma ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Sefar da ake sayen mota da ita a Kwatano ta yi tsada daidai gwargwado. Kamfanin Mitsubishi kuma ya daina ƙera Pajero a 2021. Ma'anar wannan duka ita ce motar da ke hannun mutum ita ce motarsa har illa ma sha Allahu, kuma injin da ke ɓarnar lita ɗaya cikin kowace biyar saboda mataccen fulogi da toshewar filta yana cin abincin iyali ne. Ga kuma halin rashin tsaro da ya sa mutuwar mota a hanyar daji bayan magariba ta wuce batun ɓata lokaci, ta zama batun rai. A da garambawul alama ce ta mai hali da son motarsa, yau kuwa ya zama larura ga duk wanda abincinsa ko lafiyar iyalinsa ta rataya a kan mota.

Idan na waiwaya sai in ga cewa abin da ya riƙe motoci a wannan yanki tun daga Land Rover har zuwa yau ilimi ne da ke zaune a cikin gari, a kunnuwa da hannuwan mutanen da suka yi shekara bakwai ko takwas suna wanke noti a gaban maigida kafin a yaye su. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'a ba ta samuwa sai da malami, kuma ingancinta a wurin almajiri gwargwadon ingancin koyarwar ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa, malamai kuma sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa daga gare su cikin farillan kifaya. A yau yaro yakan yi shekara ɗaya ko biyu a gareji, ya ga abokinsa yana samun na kashewa da babur ɗin haya, sai ya ajiye sufana ya tafi, wanda ya daure kuma sau da yawa bai iya karanta lambar da ke jikin fulogi ba, balle taswirar wayoyi. Motocin da ke shigowa yanzu kuwa sun fi wannan Pajero dogara da lantarki nesa ba kusa ba, har akwai masu haɗa fetur da batir.

Saboda haka ina kira ga iyayen da ke kai 'ya'yansu gareji a Bahindi da Bagudo da Illo da Ka'oje, kada su cire su daga makaranta saboda sana'a, su bar su su haɗa biyun, ko da karatun yamma ne. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Jihar Kebbi da hukumomin ilimin sana'a su shirya wa yaran gareji darasin lantarki da karatun na'urar bincike a cikin harshen Hausa, a kawo shi kusa da su maimakon a tsare shi a Birnin Kebbi, su kuma nemi dattawan da suka rage a sana'ar su zaunar da su gaban yaran tun suna da ƙarfin koyarwa. Masu tsofaffin jif kuma su kai su a duba tun cikin bazara, su biya makanike haƙƙin bincikensa ko da bai sauya ko ƙusa ɗaya ba, su kuma sayi littafi su riƙa rubuta ranar da aka sauya bel da mai da fulogi, su ajiye shi a cikin motar.